Na Je Zariya Neman Muryar Malam

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku ara mini kunnuwanku, tunda nawa sun fara yi mini rowa. Kada kowa ya ce ta zo mu ji ta, wannan ba tatsuniya ba ce. Tafiya ce na yi da ƙafata, na gani da idona, na dawo da abin da na dawo da shi.

Mun tashi da asuba daga Tudun Wada ta nan Minna, ladan bai daɗe da yin shiru ba. Mu uku ne: ni, da autana mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, da maƙwabciyata Banufiya mai sayar da shinkafar Bida, wadda katanga ɗaya ta raba mu tun muna goyo. Ita ba wanda ya gayyace ta. Da ta ji zancen tafiyar sai ta ɗaure kayanta, ta ce idan ta bar Bakatsine shi kaɗai a jirgin ƙasa, sai an sayar da shi a Kaduna bai sani ba. Ni ce Bakatsinen. Hausarta ba ta san mace ba, kowa namiji ne a bakinta. Na ce mata to, dama uwargijiya ba ta tafiya ba baiwa. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Nufawa, ba a fushi.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da tsohuwa daga ɗakinta. Malam, kakanku, Allah ya jiƙansa, ya bar mu shekara goma sha wani abu ke nan, ko furfurar kirki bai yi ba. Fuskarsa tana nan a idona. Na san tafiyarsa, na san ƙanshin baƙin man da ke jikin rigarsa idan ya dawo daga gyaran layin dogo. Amma muryarsa ta gudu. Ban san ranar da ta tafi ba. Wata safiya ce kawai na nemi yadda yake yin sallama a ƙofar gida, na laluba, na laluba, babu. Ko a mafarki ya zo mini, sai in ga bakinsa yana motsi kamar kifi a ruwa. Ana cikin haka kunnuwana suka fara toshewa. Likita ya leƙa, ya ce ba datti ba ne, shekaru ne, kuma ƙofar rufewa take yi, ba buɗewa ba. Sai na ce a raina, ashe zan shiga shiru ba tare da na riƙe muryar mutumin nan ba.

To, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wani baƙo ya zo unguwar ma'aikatan reluwe da akwati mai faifai biyu masu juyawa, yana ɗaukar waƙoƙin leburori. Aka nuna masa gidanmu, don Malam mai busa sarewa ne. A wurin Fulani ya koya, lokacin da yake kiwo a ƙasar Katsina yana yaro. Baƙon ya yini a zaurenmu ya tafi, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Sai bana wani ɗalibi ya kawo wa autana rediyo gyara, hira ta kai su can, ya ce ai irin faya-fayan nan suna jibge a wani ɗakin ajiyar kiɗa da waƙa a Zariya. Autana ya sa aka bincika. Saƙo ya dawo cewa akwai na mai sarewa daga Minna, mu zo.

Sarewar tana wurina. Ba ta kara ba ce, ta ƙarfe ce, da bututun tsohon famfon keke ya yi ta, ya huda mata ƙofa huɗu da ƙusa. Ranar da aka fita da shi na ɗauko ta, na tuna jiya-jiya bakinsa yana kanta. Na samo auduga na toshe kai da gindi, na liƙe ƙofofin da kakin zuma, na naɗe ta a guntun rawaninsa. Na san malamai za su ce wauta ce. Ni dai a ganina numfashinsa na ƙarshe da ya hura yana ciki, kuma ban yarda ya fita ba. Ban taɓa kwana nesa da ita ba, don haka na soke ta a cikin ƙunshin zannuwana muka tafi tare.

A tasha muka tarar jirgin Ikko bai iso ba, ba kuma wanda ya san inda yake. Mai sayar da tikiti ya ce yana tafe. Banufiya ta ce ai tashin ƙiyama ma yana tafe. Muka shimfiɗa tabarma, muka sha koko da ƙosai. Ƙosan yanzu an rage masa jiki an ƙara masa kuɗi, uku a sule, kowane kamar ƙwallon goruba da ya sha wahala. Ina zaune ina kallon layin nan da ya ci ƙarfin Malam, ga wasu leburori can suna tura ƙaramin kekensu na kan dogo, ba wanda na sani a cikinsu. Sai da rana ta ɗaga sosai muka ji kukan jirgin daga nesa. Ni ban ji ba, gaskiya. A tafin ƙafata na ji shi.

Shiga jirgi yaƙi ne. Autana ya cusa ni ta ƙofa, ya cusa Banufiya, kayanmu suka bi ta taga. Muka sami benci kusa da wata Bayarabiya mai kwandunan goro da wani soja mai barci da baki buɗe. Ƙarshen damina ne, daji ya yi kore shar, ciyawa ta fi mutum tsawo. Duwatsun Minna suka yi ta ja da baya har suka ɓace. A Gwada matan Gwari suka taso wa jirgi da doya a kafaɗa, kun san su ba sa ɗora kaya a ka, wai kai ya fi ƙarfin dako. Doya ce manya-manya kamar cinyar ƙato, ga arha, har Banufiya ta fara ciniki ta taga. Na ce ke, Zariya za mu, ba gida ba, wa zai ɗaukar miki? Ta ce, “Kai dai ba ka san kasuwa ba.” Jirgi ya ja, mai doya tana gudu, ita tana ragi, haka suka rabu ba wanda ya ci wani.

A Sarkin Pawa muka daɗe tsaye, wai ana jiran wani jirgi ya wuce. Muka sauka muka yi alwala da ruwan buta, muka sayi gasasshiyar masara da gyaɗa dafaffiya. Nan Malam ya taɓa yin wata uku lokacin da ruwa ya cinye layi, ya dawo da zazzaɓi da wata sabuwar busa da ya ce kukan wani tsuntsun rafin ne. Na tsaya na kasa kunne ko tsuntsun yana nan. Ko yana nan, ba ni zai yi wa kuka ba.

Kaduna kuwa sai gada. Ruwa ja wur, ya cika ya batse, jirgi yana tafiya a kansa a hankali kamar mai tsoron ta da shi. Banufiya, 'yar bakin kogi, ta leƙa ta taɓe baki ta ce wannan ai a Nufe kwata ce. Tashar ta cika da hayaniya, ga masu burodi, ga masu lemo, ga masu maganin basir da lasifika. Daga nan ƙasa ta buɗe, itatuwa suka ragu, sai dawa da gero da rake. Muka shiga Zariya gab da magariba, muka sauka a gidan ɗiyar ƙanwata, ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka wadda ta sha daddawa. Na ci don kada ta ji haushi. Hankalina ba ya wurin.

Washegari da hantsi muka je ɗakin ajiyar. Gini ne mai sanyi, ɗaki ciki da ɗaki, bango duk kantoci, kantocin duk kwalaye. Autana ya ce mini kowane kwali mutum ne ko mutane. Na yi musu sallama a zuciyata, don na san yawancinsu sun riga mu. Mai kula da wurin wani magidanci ne mai gilashi, mai sanyin hali. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce, “Iya, yaya sunan marigayin?” Na dubi autana. Sunan da ban kama ba yana raye, ba zan fara a ɗakin baƙi ba. Autana ya faɗa. Mutumin ya ɗauko kwali, ya ɗora faifai a na'ura, ya zare zaren ya laƙa a ɗayan, ya matso mini da akwatin magana daidai kunnena na dama, wanda ya fi ji. Ya murɗa.

Busa ta fito. Na san ta, ta tsuntsun Sarkin Pawa ce, amma tana sauri, tana tsiwa, kamar ana korar ta. Sai busar ta tsaya, wani ya yi magana. Wata 'yar siririyar murya ce, ta saurayin da gemu bai fito masa ba, mai rawar kai. Na ce a kashe. Na ce, “Ɗana, an yi kuskure. Wannan ba shi ba ne. Wani yaro ne ya saci busarsa.” Na fara laluben takalmina. Jirgi, da gada, da doyar Gwada, duk na ga sun tashi a banza.

Mai gilashi ya ce in yi haƙuri in zauna. Ya ce ya san ciwon. Ranar da aka ɗauka, batirin akwatin baƙon ya yi sanyi, faifan yana juyawa a hankali. Yau ga shi a wutar lantarki yana gudu da ƙarfinsa, shi ya sa komai ya haye sama, ya ƙanƙance. Autana ya buga cinya ya ce wallahi haka ne, kullum yana ganin irinsa a shago. Mutumin ya ce akwai maɓallin rage gudu. “Zan riƙa saukar da shi sannu-sannu, Iya. Inda kika ji shi ne, ki ce in tsaya.”

To, nan ne aka kunyata tsohuwa. Ya murɗa, murya ta fara kauri. Na ce tsaya. Ya tsaya. Na saurara, na ce a'a, ƙara. Ya ƙara. Na ce nan ne. Can na ce koma baya. Maza suka yi ta wucewa ta kunnena, wani siriri, wani mai kauri, wani kamar mai mura, dukansu da kalmomin Malam a bakinsu, kowanne in ce ko shi ne. Shekara ashirin da wani abu ina amsa kiran mutum, ga shi an jera mini shi an ce in nuna, na kasa. Banufiya ta ce ita ta katanga take jin sa, ba za ta rantse ba. Autana yana ƙarami aka yi rasuwar. Na ce a bari. In zaɓi wani in kai gida in riƙa kuka a kansa, alhali ban tabbata mijina ba ne? Gara in koma hannu wofi.

Mai gilashi ya jawo wata 'yar na'ura mai allura a fuska kamar ta ma'aunin asibiti. Ya ce wannan tana auna amo. Na ce amo kuma ana auna shi, shi ba hatsi ba? Ya yi murmushi, ya ɗauko wata garaya da ke jingine, ya kaɗa tsirkiya. Ya danne ta daidai tsakiya ya sake kaɗawa. Ya ce, “Kin ji? Amo ɗaya ne, amma na biyun yana sama, kamar uwa da 'yarta suna waƙa ɗaya.” Na ce na ji wannan. Ya ce tsirkiyar karkarwa take yi, kuma da ya danne rabi, karkarwar ta ninka. Tazarar da ke tsakanin uwar da 'yar, masana sun yanka ta gida dubu da ɗari biyu, kowane gida suna ce masa senti. Ya sake danne rabin rabin, amo ya ƙara hawa. Ya ce daga 'ya zuwa jika ma dubu da ɗari biyu ne, ba ƙari, ko da yake karkarwar da aka ƙaru da ita yanzu ta ninka ta farko. Kunne ba ya ƙirga nawa aka ƙara, sau nawa aka ninka yake ji.

Ni kam ya bar ni a baya. Banufiya ce ta cafe. Ta ce, “Kai, wannan ai shinkafa ne! Gwangwani daya ka dafa, ya kumbura ya zama biyu. Mudu goma ka dafa, ya zama ashirin. Mai gwangwani ya samu daya, mai mudu ya samu goma, amma kumburi daya ne. Shinkafa mai kyau da kumburi ake sanin shi.” Mutumin ya yi dariya har ya cire gilashi, ya ce da zai kai ta aji da ta hutar da shi. Ta ce a biya ta tukuna. Sai ya juyo gare ni ya ce shi ya sa na gane busar ko da ta haye: gudun faifai ya ninka kowane amo da ninki iri ɗaya, kowanne ya hau da senti iri ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta taɓu ba. Kamar a ɗauki gida ɗungurungum a ɗora kan dutse. Tsakanin ɗaki da madafa yana nan yadda yake. Abin da bai sani ba shi ne tsawon dutsen. Ya ce da za a sami abu ɗaya a cikin faifan nan wanda har yau yana duniya, kuma amonsa bai canja ba, da sai a auna na faifai, a auna na hannu, bambancin ya faɗa mana senti nawa za a sauko. Ya ce, “Murya tana tafiya da mai ita. Amma sarewa, in da tana nan…”

Autana ya dube ni. Ni kuwa na dubi bango.

Ya ce, “Inna.” Na ce ban ji ba. Ya ce, “Inna, ta ƙarfe ce, ba ta ruɓewa, ba ta motsewa.” Mai gilashi ya ce suna da wani dattijo mai busa a nan wurin, sai a kira shi ya hura sau ɗaya. Na ce wani ƙato ya sa bakinsa inda Malam ya sa nasa? A cire audugar? Na tashi na fita.

Akwai wata bishiyar maina a bakin ginin, na zauna a gindinta da ƙunshina a cinya. Ɗalibai suna wucewa, 'yan mata da littattafai a ƙirji, ba wanda ya san abin da tsohuwa take aunawa. Ga numfashi a hannuna, wanda ba na ji, ba na gani, amma nawa ne. Ga murya a ɗaki, wadda ba a tabbatar mini za ta fito ba. In na buɗe, abin bai yi ba, na rasa biyu. Banufiya ta biyo ni ta zauna, ta ɓare goro ta ba ni rabi. Ta jefa nata rabin a baki. Sannan ta ce, ba da wasa ba, “Yaya, ni nawa mijin ko tsinke bai bari ba. Da za a ce in ba da hannu daya in ji ya zage ni sau daya, da na mika. Kunnenka yana rufewa. Iska kuma, ko bayan ka kurumce yana nan a cikin karfe, amma me zai gaya maka?”

Na tauna goron har ya ƙare. Na yi bisimilla na koma ciki.

Da hannuna na warware rawanin. Da tsinke na ƙwaƙule kakin, ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan audugar sai na kai bakin sarewar kusa da fuskata, na zare. Ban ji komai ba sai ƙanshin tsatsa. Na ce Allah ya kai haske kabarinka.

Aka kira mai busar, wani dogon Bafillace mai farin gemu. Da aka gaya masa ta wane ce, sai ya nemi ruwa ya kuskure baki, ya karɓa da hannu biyu. Wannan ya sanyaya mini rai. Ya juya ta, ya ce wanda ya huda ta ya san hannunsa. Ya kafa ta a gefen baki, ya toshe ƙofofin duka, ya hura dogon amo guda. Jama'a, ƙarfen nan da ya yi shekaru a ƙunshe ya buɗe baki kamar jiya aka ajiye shi. Allura ta yi rawa ta tsaya, mai gilashi ya duba. Ya kunna faifai, ya nemo inda Malam ya ja irin wannan dogon amon, allura ta sake rawa. Ya ce na faifan ya ɗara da senti wajen ɗari uku. Daga nan ya sa dattijo ya riƙe amonsa, shi kuma yana saukar da na faifai. Da farko amo biyu ne suna faɗa, ana jin su suna gogar juna, wau-wau-wau, har a haƙorina. Faɗan ya yi ta lafawa, ya yi ta lafawa, sai suka haɗe suka zama ɗaya, ba ka ce ga mai rai ga mamaci ba. Allura ta tsaya cak. Ya ce, “Nan ne, Iya. Ba zaɓina ba ne, ba naki ba. Ƙarfen ne ya faɗa.”

Ya mayar da faifai farko. Busar ta zo a natse, da nauyinta, yadda take shigowa tsakar gida bayan la'asar ina tankaɗe. Ta tsaya. Sai aka yi gyaran murya, ɗan tarin nan guda biyu da yake yi kafin ya yi magana. Tun bai ce komai ba na san shi. Ya yi wa baƙo bayanin tsuntsun rafi, ya yi dariyarsa ta hanci, ya ce shi ba makaɗi ba ne, lebura ne mai ɗebe kewa. Banufiya ta dafe ƙirji ta ce, “Shi ne, wallahi! Mai hana ni barcin rana!” Sai muryar ta juya, ta ɗaga, kamar ya waiwaya cikin gida: “Masu gida! Baƙon nan fa bai sha ruwa ba.”

Na ce, “Na'am, Malam.” Sai da na ga kowa yana kallona na tarar na miƙe tsaye.

Can cikin faifan, nesa, bayan ƙarar taɓarya, wata mace ta amsa, ga shi nan tafe. Ban san muryarta ba. Aka ce ni ce. Autana ya juya ya fuskanci kantoci, kafaɗunsa suna motsi, na bar shi. Na sa aka maimaita mini wurin nan har na ji kunyar mai gilashi, shi kuwa bai nuna gajiya ba. Ya juye mana shi a kaset, a kan gudun da ƙarfe ya faɗa, ya ƙi karɓar ko kwabo. Banufiya ta ajiye masa ƙullin shinkafar da ta ɓoye a kayanta, ta ce ya dafa ya ga kumburi.

Dawowa a mota muka yi, ta Birnin Gwari da Tegina, don jirgi ya sake ɓata. Hanya ce mai ramuka da daji mai duhu, direba yana gudu kamar ya saci motar. Muka tsaya a Tegina aka ci tsire mai ƙuli da yawa nama kaɗan. Ban ga abin kirki a hanyar nan ba, in gaya muku gaskiya. Hannuna yana kan kaset, kaset yana cikin zanina, ina ta biya sallamarsa a zuci don kada ta sake zillewa kafin mu kai. Muka shigo Minna ana kiran la'asar.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na ɗauka ƙauna ma'auni ce, ashe ba ita ba ce; na so mutumin nan iyakar so, aka jera mini shi na kasa nunawa, sai da guntun famfon keke ya yi shaida. Kuma na gane abin da ka toshe don kada ya gudu, kai ma ya toshe maka.

Mai gilashi yana can cikin kwalayensa. Ya aiko da gaisuwa, ya ce yanzu faya-fayan baƙon nan na Minna duk da amon sarewarmu da ya auna yake daidaita su, leburori da yawa sun koma muryoyinsu. Dattijo mai busa ya so in bar masa ita, na hana. Na ji an ce ya sami wani famfon keke yana ta huda. Sarewar ga ta can a rataye, a buɗe, ku ne kuke hura ta kuna firgita mini awaki. Banufiya ta tafi Bida wankan jegon ɗiyarta, tana can tana gaya musu ita ta koyar da malaman Zariya lissafi. Autana ya kawo mini rikoda daga shago, ya koya mini maɓalli ɗaya, wanda ya ɗaura wa jan zare.

Ni kuma ga ni. Kunnen hagu ya rufe tun bayan sallah, na dama yana bin sa. Kullum bayan la'asar nakan kunna. Unguwarmu wuta sai ta ga dama, don haka da batir nake ji, kuma batir yakan yi sanyi. Idan ya fara sanyi, sai Malam ya rage sauri, muryarsa ta yi ƙasa, ta yi kauri, ta riƙa jan ƙafa, tarin nan ya yi nauyi. Mai gilashi zai ce senti kaza ya sauka. Ni abin da nake ji, tsoho ne. Tsufan da bai samu ya yi ba ne yake yi a ɗakina, a gabana, kuma wannan muryar mai kauri ita kunnena ya fi kamawa yanzu. Autana yakan leƙo ya ce, “Inna, batir ya mutu, kawo in canja.” Nakan ce masa bar shi tukuna, sai gobe. Yau da tsohona nake hira.